Hanyar Sara da Kyamarar Fim

Motar da ta tashi daga Kano za ta Birnin Kudu takan bi ta Wudil, ta haye gadar kogi, sannan ta miƙe kudu maso gabas, tafiyar kimanin kilomita 130. Galibin hanyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, gonakin gero da dawa da gyaɗa hagu da dama, jefi-jefi ga kuka, ga ɗorawa, ga tsamiya. Sai an doshi Birnin Kudu duwatsu suke fara ɗago kai, manyan curi-curi a ɗore kan juna, wasu sun yi rumfa, wasu sun bar kogo a tsakaninsu. Daga nan hanya ta zarce Sara, garin kasuwa a Ƙaramar Hukumar Gwaram, har ta dangana da iyakar Jihar Bauchi. Duk ƙasar Masarautar Dutse ce, kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kano a 1991. Wanda ya biyo wannan hanya a yau rataye da tsohuwar kyamarar fim, a zamanin da yaron mota ma yana da wayar da ke ɗaukar hoto, sai ya tanadi amsar tambayar da za a jefo masa tun daga tasha: wannan wahala ta mece ce? Masu tambayar suna da gaskiya, kuma amsar da masu sha'awar fim suka saba bayarwa ba ta gamsar da ni.

Fim dai bai mutu ba, ko da yake ya yi doguwar jinya. A kamfanin Kodak ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, kuma irinta ce ta zo ta karya cinikin kamfanin. An daina yin fim ɗin Kodachrome a 2009, a Janairun 2012 kuma Kodak ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ga matasan da suka taso da waya a hannu sun shiga tono kyamarorin iyayensu, irin su Pentax K1000 da Canon AE-1, waɗanda duk a 1976 suka fito. Kodak ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018, kamfanin Leica ya sake ƙera kyamarar M6 a 2022, a 2024 kuma aka fito da sabuwar kyamarar fim dal mai suna Pentax 17, wadda take raba kowane gurbi gida biyu, ta fitar da hoto 72 daga naɗin da aka saba samun 36. Masana'antar Ilford da ke Mobberley a Ingila har yau tana yin fim ɗin baƙi da fari. Masu yayin sukan ce launin fim ya fi kwanciya a ido, ɗigo-ɗigon jikin hoton yana da daɗin kallo, jiran wanki kuma yana koya wa mutum natsuwa. Ban musa ba, amma dalilai ne na wanda ya ƙoshi. Launin nan manhajar waya tana kwaikwayonsa kyauta, natsuwa kuwa ba sai an sayo ta da dala ba. In hujjar ke nan, to a Sara kyamarar fim ado ce kawai, ɗan birni ne ya zo ƙauye nuna kaya.

Hujjar da za ta iya tsayawa da ƙafarta guda ce, wato dodon hoto. Fim siririyar leda ce da aka shafa wa gishirin azurfa a cikin wani irin danƙo. Haske ya taɓa shi, ruwan wanki ya mai da inda hasken ya taɓa baƙar azurfa, wani ruwan ya kwashe ragowar. Abin da ya saura, wato dodon, ana riƙe shi a hannu, a ɗaga shi sama a gani da ido, ba batir, ba lambar sirri, ba kamfanin da zai rufe ya tafi da shi. Gurbin hoto ɗaya a fim ɗin milimita 35 bai wuce milimita 24 a tsaye da 36 a kwance ba, amma ana iya buga shi babba, yau ko bayan shekara hamsin, kuma akwai dodannin gilashi na ƙarni na 19 da har yanzu ake fitar da hoto daga jikinsu. Saboda haka a ganina kyamarar fim tana da gurbi a ƙasa irin wannan idan mai ita ya ɗauke ta kayan ajiye tarihin wuraren da ba su da mai ajiye musu. In ba da wannan niyya ba, gara ya bar ta a gida.

Zangon farko na tafiyar ya isa shaida. A duwatsun da ke kewaye da Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi da launi a jikin kogo, akasarinsu shanu. Wanda ya san shanun Arewa zai lura nan take cewa da yawa daga cikin na zanen ba su da tozo; wasu dogon ƙaho, wasu gajere, amma gadon bayansu a miƙe yake. Mai zanen bai bar suna ko rubutu ba, sai dai ya bar shaidar cewa an yi zamanin da shanun da ake kiwo a nan ba irin na yau ba ne, kuma shaidar ta iso mu ne don an ɗora ta a kan abin da ke jure zamani ko ba a kula da shi. A nan ne kuma Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya ci karo da duwatsu masu amo a 1955, waɗanda in an ƙwanƙwasa su da ɗan dutse suke ba da sautin ƙarfe, jikinsu duk guraben da bugu ya ƙwaƙule tsawon zamani. Ya buga bayaninsu a mujallar Man a 1956. Wuraren suna hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, kuma wajen ma'aikatanta ya kamata baƙo ya nemi izini da ɗan jagora kafin ya hau. Hasken kogo kaɗan ne, don haka fim mai saurin kama haske irin HP5 na Ilford, mai lamba 400, ya fi dacewa, a kafa kyamara a kan wani abu kada hannu ya yi rawa. Abin da ba a yi ko kusa shi ne yayyafa wa zanen ruwa don launinsa ya fito. Masu yin haka sun lalata zane-zane a wurare da dama a Afirka saboda hoto guda.

Ayyukan Fagg da na waɗanda suka biyo sawunsa a fim aka ɗauke su. Zanen dutse yana koɗewa: ruwan sama na bi ta kansa, hayaƙi na dusashe shi, yara na ƙara nasu da gawayi. Hanyar gane abin da ya ɓace tsakanin 1955 da yau ita ce a jera tsohon hoto da sabo. Ƙungiyar TARA ta Nairobi, wadda mai ɗaukar hoto David Coulson ya kafa a 1996 don kare zanen duwatsun Afirka, ta tara dubban hotuna, da yawansu a fim, kuma daga 2013 Gidan Tarihin Birtaniya ya karɓi kwafin kimanin 25,000 ya tsara su yadda kowa zai gani a intanet. Ashe fim da kwamfuta ba kishiyoyi ba ne. Ɗaya yana ajiyewa, ɗaya yana yaɗawa.

Daga Birnin Kudu zuwa Sara ba a kai awa guda a mota. Ranar kasuwa tun kafin ka hango garin za ka ga alama: a-kori-kura shaƙe da buhuna, ɗan acaɓa da akuya ɗaure a baya, makiyaya na koro shanu a gefen titi, mata ɗauke da ƙoren nono. Kasuwar Sara tana cikin manyan kasuwannin mako na Jigawa, sahun su Maigatari da Gujungu da Shuwarin, kuma da kaka take cika ta batse, lokacin da riɗi da gero da dawa da wake da gyaɗa suke shigowa. Riɗin da aka auna a nan da kwano yakan bi ta hannun dillalai da manyan 'yan kasuwar Kano har ya hau jirgin ruwa zuwa ƙasashen Asiya. A kara kuwa ga Bunaji farare, ga Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, kowanne da tozonsa, ba ko ɗaya irin na jikin Dutsen Mesa. Wanda ya zo da ido a buɗe zai ga cewa kasuwar ma tana canja kama a gabansa. Ƙwarya tana ba roba wuri, jaki ya ba babur, sikeli yana matse kwanon awo, kuma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 masu POS da tura kuɗi ta waya suka kafa rumfa a kasuwannin karkara. Nan da shekara talatin jikan dillalin nan zai so ganin yadda kakansa yake kama hannun mai saye su yi ciniki, yadda 'yan awo suke tsugunawa gaban tsibin hatsi, irin hular da ake yayi, irin rumfar kara da zana. Ba wanda aka ɗora wa aikin ajiye masa wannan. A nan ne ƙarancin gurbi 36 yake da amfani, don mai fim ba ya harbi barkatai. Sai ya zaga, ya tsaya, ya tambayi kansa wanne ne ba za a sake gani ba. Gurabun kuma suna jere da lamba a gefen fim, na bakwai yana bin na shida, ta yadda naɗi guda yake zama labarin yini guda a tsare. Sharaɗin shi ne ɗan littafi a aljihu: lambar gurbi, rana, wuri, sunan sana'a, da sunan mutum in ya yarda. Hoton da ba a san ko na waye ko na yaushe ba, rabin shaida ne.

Za a ce ai ana ɗauka. A ranar kasuwa ɗaya wayoyin da ke Sara sun ɗauki hotunan da mai fim ba zai ɗauka a shekara ba, kuma waya ta fi araha, ta fi sauri, ta fi gani cikin duhu. Haka ne. To amma a tambayi mutum goma a rumfa ɗaya ina hotunan da suka ɗauka a 2012. Wata wayar ta faɗa ruwa, wata an sace ta a tasha, memori ya ƙi buɗewa, mai gyara ya goge komai, wani kuma da hannunsa ya share don sabon bidiyo ya sami wuri. Hoton da aka tura ta WhatsApp an matse shi har ba ya bugawa da kyau, wanda aka ɗora a Facebook kuma lambar sirrinsa takan bi mai shi kabari. Manyan kamfanonin ma ba su tsira ba: a 2019 MySpace ya amsa cewa ya rasa waƙoƙi da hotuna da bidiyon da mutane suka ɗora tsawon shekara 12, Google kuma tun Disambar 2023 ya fara share asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Hoton dijital yana rayuwa ne muddin akwai mai kwafe shi daga tsohuwar na'ura zuwa sabuwa ba fashi, aikin da ke son wutar lantarki da kuɗi da mai kula. Dodo kuwa in an jefa shi a gwangwani an manta, sau da yawa yana nan yana jira. A ƙasar da sakaci da kayan tarihi ya zama jiki, abin da ke jure sakaci ya fi abin da ke neman tattali kullum.

Zancen tsada shi ne wanda ba ni da cikakkiyar amsarsa, don gaskiya ne ɗungurungum. Ba a ƙera fim ɗin kyamara a Nijeriya, da kuɗin waje ake sayo shi, kamfanonin sun yi ta ƙara masa farashi a 'yan shekarun nan, naira kuma tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta zube har dala ta haura 1,500 a 2024. Naɗi ɗaya da kuɗin wankinsa ya ninka abin da ɗan dako zai samu a yinin kasuwa. Ba wanda zai ce wa manomin Sara ya ajiye waya ya sayi fim, kuma faɗin haka ma rainin hankali ne. Maganar da masu hali ake yi, waɗanda dama za su kashe kuɗin nan a kan sha'awa. Tunda za a kashe, ya fi a kashe shi a kan kasuwar Sara da masu jima da maƙera da masunta, maimakon hoton kofin shayi da takalmi a birni. Akwai kuma hanyar rage asara: baƙi da fari ya fi mai launi sauƙin wanki, kuma shi ya fi daɗewa, don hotonsa azurfa ce, na mai launi kuwa rini ne, rini kuma yana koɗewa.

Sai yanayi. Da bazara zafi yakan haura digiri 40 a wannan yanki, kuma zafi yana lalata fim, musamman mai launi. Naɗin da aka bari a mota a rufe da tsakar rana ya gama aiki. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, tana shiga kyamara ta karce fim, tana manne wa jiƙaƙƙen dodo ta bar tabo har abada. Masu wankin fim kuma sun yi ƙaranci tun da kasuwar ta koma dijital. Duk waɗannan suna da magani, sai dai maganin ƙwazo ne. Wankin baƙi da fari ba ya buƙatar ɗakin duhu: baƙar jaka ce da ake zura hannu biyu a naɗa fim a ɗan tulun wanki, a rufe, sauran aikin a fili ake yinsa cikin kamar rabin awa. Ruwan fito da hoto irin Rodinal, wanda kamfanin Agfa ya fara yi tun 1891, yana daɗewa a kwalba, kuma kaɗan ake tsiyayawa a ruwa. Ana son ruwan ya kasance wajen digiri 20, kuma da sanyin safiyar hunturu ruwan randa yakan yi kusa da haka. Mai launi kuwa sai an riƙe shi a kusan digiri 38 ba ragi ba ƙari, abin da ya sa gara a bar wa masu inji. A shanya dodo a banɗakin da aka yayyafa wa ruwa ƙura ta kwanta, ruwan kafe hoto da aka gama da shi kuma kada a zubar kusa da rijiya, don akwai azurfa a ciki. Hasken hazo ma yana da nasa alheri, yana tausasa inuwa, fuskar mai zama a bakin rumfa ta fito sarai. Busasshiyar iskar Arewa kuma ta fi laimar Legas tausaya wa dodo, don laima ce ke haifar da funfunar da ke cin fim.

Akwai abin da ya fi waɗannan nauyi, wato mutanen da ke gaban kyamara. Malamai sun yi saɓani a kan hoto. Da yawa sun halatta na kyamara, musamman don buƙata, wasu kuma sun ƙi shi, kuma a kowace kasuwa za ka tarar da mabiya kowane ɓangare. Ba aikin baƙo ba ne ya yanke wa wani hukunci da gilashin kyamara. Ga kuma halin tsaro, inda baƙuwar fuska mai ɗaukar hoto take iya tayar da zargi. Ƙa'idar tsohuwa ce: a fara da ƙofar dagaci ko Sarkin Kasuwa, a ce, «Ranka ya daɗe, baƙo ne, na zo ganin kasuwa, ina neman izinin ɗaukar hoto.» Gaban dattijo mai awo a gaishe shi tukuna: «Baba, sannu da aiki, ko ka yarda in ɗauke ka?» Mai nono in an ce «Inna, a ɗauka?» ta kau da kai, ta riga ta ba da amsa. Yaran mutane da matan aure ba a ɗaukar su a fakaice. Wani zai ce a nan waya ta fi, don ana nuna wa mutum hotonsa nan take. Ni ina ganin akasin haka. Mai waya yakan nuna, a yi dariya, ya tafi da hoton, mai hoton bai sami komai ba. Mai fim ba shi da abin nunawa, sai alkawarin zai dawo wata kasuwar da bugagge a hannu, kuma wannan bashi shi ne yake mai da ɗaukar hoto mu'amala tsakanin mutum biyu. Wanda ya san ba zai dawo ba, kada ya yi alkawari.

Idan aka wuce Sara aka nufi Gwaram, ko aka juyo Birnin Kudu, akwai aikin da ya fi ɗaukar sabon hoto gaggawa. Kusan kowane babban gari a Arewa ya yi mai hotonsa: hoton Sallah, na gama makaranta, na aure, fasfo na zuwa Hajji, da labule mai zanen fure a baya. Su ne suka riƙa aika naɗi birni a wanke a dawo da shi, kuma dodannin a wajensu suke zama. Yadda irin wannan ajiya take zama dukiya an gani a Bamako. Seydou Keïta ya buɗe situdiyo a 1948, ya adana dodanninsa dubbai, sai a shekarun 1990 duniya ta san da shi, aka yi ta buga hotunansa ana baje su a Paris. Malick Sidibé, mai hoton biki da rawar samarin garin, ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Venice a 2007. A Yamai akwai Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar birnin bayan samun 'yanci, a Nijeriya kuma J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968 har ya tara kusan dubu. Ba wanda zai san su yau da sun ƙona dodanninsu don share shago. Masu hoton garuruwanmu ba lallai a kai su Venice ba, amma a akwatinsu ne kaɗai za a ga fuskar Gwaram da Sara da Birnin Kudu ta shekarun 1970 da 1980, kuma waɗanda za su iya faɗin sunayen mutanen ciki suna ta raguwa.

Saura ƙorafi ɗaya mai ƙarfi: fim ma ba ya dawwama. Gara tana cin ambulan, ambaliya irin ta 2022 ba ta barin akwati, tsohon fim kuma in zafi da laima sun haɗu masa yakan fara tsami yana lanƙwashewa. Ana kuma iya buga hoton waya a takarda mai kyau a ajiye, ya yi aiki. Na yarda, har ma ina kira ga mai waya ya riƙa zaɓar hotuna goma a shekara yana bugawa. Bambancin shi ne mai waya sai ya tuna ya yi niyya, kuma galibi ba ya yi, mai fim kuwa ba ya ganin hotonsa sam sai abin ajiyewa ya riga ya samu. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ma'aikatan gidajen tarihi da ke Birnin Kudu su ne mafi kusa da za su iya karɓar irin wannan ajiya, su kwafe ta a kwamfuta, su mai da wa masu ita asalinta. Kafin a kai ga haka, mai karatu, in akwai gwangwanin dodanni a gidanku ko a shagon wani tsohon mai hoto da ka sani, kada a ƙona, kada a ba yara wasa. A raba su a ambulan ɗin takarda, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da rufin kwano, sannan a zauna da dattawan gida a rubuta sunaye tun suna da rai.